Layi ɗaya a baƙin allo: Yadda umarnin 'go' ke harhaɗa manhaja ya girka ta, da tarkon da ke cikin suna

Duk wanda ya taɓa sauke manhaja daga Play Store ya san yadda abin yake. Ka danna, ka ɗan jira, sai alamarta ta bayyana a fuskar wayarka. Dafaffen abinci ake miƙo mana a kwano, ba ma leƙa madafa.

Masu rubuta manhaja kuwa a madafar suke wuni. Yawancin kayan aikinsu ba a shagon manhajoji suke samun su ba. Suna buɗe wani baƙin allo ne da ake kira tamina, wanda babu hoto ko maɓallin dannawa a cikinsa, su rubuta umarni layi ɗaya, kwamfuta ta je ta ɗauko ɗanyen rubutun manhajar daga intanet, ta sarrafa shi, ta ajiye musu manhajar a shirye.

Kusan kowane harshen kwamfuta na zamani yana da irin wannan kayan aiki. Rust yana da cargo, Python yana da pip, JavaScript yana da npm. Amma harshen Go, wanda kamfanin Google ya ƙirƙira, yana cikin waɗanda suka fi sauƙaƙa lamarin, don haka da shi za mu yi misali. Da Go aka rubuta Docker da Kubernetes, manhajojin da manyan kamfanoni ke tafiyar da rumbunan kwamfutocinsu da su. Ko ba ka taɓa jin sunayen ba, da wuya ka wuni a intanet ba ka bi ta kansu ba.

Mene ne harhaɗawa?

Ƙwaƙwalwar kwamfuta, wato firosesa, ba ta jin Turanci, ba ta jin Hausa, ba ta ma jin Go. Jerin lambobi kawai take ganewa, kowace lamba da ƙaramin aikin da take nufi: tara wannan da wancan, ajiye sakamakon a nan, tsallaka zuwa can.

Mutum ba zai iya rubuta babbar manhaja da waɗannan lambobi ba tare da ya zauce ba. Sai ya rubuta da harshen da ɗan Adam zai iya karantawa, sannan wata manhaja ta musamman da ake kira kwamfaila ta mayar da rubutun zuwa lambobin na'ura, ta kuma ɗinke shi da sauran gutsattsarin da wasu suka rubuta waɗanda manhajar ta dogara da su. Wannan aikin shi ne harhaɗawa.

Girkawa kuma ta fi sauƙi fiye da yadda sunan ke nunawa. Ɗaukar fayil ɗin da aka harhaɗa ne a ajiye shi a inda kwamfuta za ta gan shi idan an kira sunansa.

Jiran minti 45

Asalin Go kansa daga gajiya da jiran harhaɗawa ya fito. Rob Pike, ɗaya daga cikin mutum ukun da suka tsara harshen, ya sha ba da labarin cewa a shekarar 2007 akwai wata babbar manhaja a Google da aka rubuta da harshen C++, wadda harhaɗa ta kan ci minti 45, duk da cewa tarin kwamfutoci ne ke raba aikin a tsakaninsu.

Da injiniyoyin kamfanin suka auna wata babbar manhajarsu, sai suka gano inda gizo ke saƙa. Rubutunta fayil kusan 2,000 ne, girmansu duka megabait 4.2. Amma saboda yadda C++ ke sake karanta fayil guda sau ɗaruruwa duk lokacin da wani sashe ya ambace shi, abin da kwamfaila ke haɗiya kafin ta gama ya haura gigabait 8.

A ranar 21 ga Satumban 2007, Pike da Robert Griesemer da Ken Thompson suka fara zana manufofin sabon harshe a kan allo. An bayyana shi ga duniya a Nuwamban 2009, sannan siga ta farko tsayayya, Go 1, ta fito a Maris 2012. Tare da ita aka fito da umarni guda mai suna "go" wanda ya tattara harhaɗawa da gwaji da saukewa da girkawa a wuri ɗaya.

Saurin bai zo kyauta ba. Go yana da tsaurin da kan ba sabon shiga haushi. Idan ka ambaci wani ƙunshi a saman fayil ɗinka amma ba ka yi amfani da shi ba, kwamfaila za ta ƙi harhaɗa manhajar baki ɗaya har sai ka goge shi. Ba gargaɗi za ta yi maka ba, tsayawa za ta yi cak. Masu harshen sun zaɓi haka da gangan, don kada tarkace ya riƙa taruwa yana rage gudu.

Umarni uku da ake rikitawa

A ce ka buɗe folda, ka rubuta ƙaramar manhaja da za ta buga gaisuwa a allo. Mataki na farko shi ne ka raɗa wa aikin suna da "go mod init sannu". Wannan zai samar da ɗan fayil mai suna go.mod, wanda shi ne takardar shaidar aikin: sunansa, sigar Go da yake buƙata, da jerin ƙunsoshin wasu mutane da ya jingina da su.

Daga nan hanya ta rabu uku.

"go run ." zai harhaɗa manhajar a wani wurin wucin gadi, ya kunna ta, ba tare da ya bar maka fayil a foldarka ba. Na gwaji ne.

"go build" zai harhaɗa ta ya bar maka fayil ɗin a foldar da kake ciki. A Windows sunansa zai zama sannu.exe, a Linux da Mac kuma sannu kawai.

"go install" zai yi aikin harhaɗawar, amma ya kai fayil ɗin wata folda ta musamman. Idan ba ka sauya komai ba, foldar ita ce "bin" da ke cikin foldar "go" a gidan mai amfani da kwamfutar.

Fayil ɗin da ya fito zai ba ka mamaki da girma. Manhajar da ba ta yin komai sai gaisuwa takan kai megabait ɗaya zuwa biyu da ɗoriya, domin Go yakan cusa duk abin da take buƙata a cikinta. Ribar ita ce za ka iya kwafe fayil ɗin guda ka kai wata kwamfuta irin taka wadda ba ta da Go, ya yi aiki. Wanda ya taɓa fama da tura wa abokinsa manhajar Python, aka shiga cewa sai an girka wannan an girka wancan, zai san darajar hakan.

Akwai wani abin da ya shafe mu masu rubutu da ƙ da ɗ da ɓ. Thompson da Pike su ne suka tsara UTF-8 a 1992, tsarin da a yau yake ɗauke da haruffan kusan duk harsunan duniya a intanet, kuma da shi ake rubuta Go. Saboda haka manhajarka za ta buga "Barka da ƙoƙari" ba tare da ƙugiyar ta ɓace ba, har ma kana iya raɗa wa abubuwan cikin rubutun sunaye masu ƙugiya, kwamfaila ta karɓa.

"Ai na girka, amma ta ce ba ta gani ba"

Nan ne sababbin shiga suka fi tuntuɓe. Mutum ya rubuta "go install", komai ya tafi shiru, wanda a al'adar Go shiru alamar nasara ce. Sai ya kira sunan manhajar, tamina ta amsa masa da "command not found", ma'ana ba ta san wannan umarni ba.

Manhajar tana nan lafiya lau. Matsalar ita ce kwamfuta ba ta bincika ko'ina idan ka kira suna. Tana da jerin foldoji da ake kira PATH, su kaɗai take dubawa, ɗaya bayan ɗaya. Idan foldar da Go ya ajiye fayil ɗin ba ta cikin jerin, tamkar ka kai kaya shagon da ba ya kan layin da ɗan aike ya sani ne.

Umarnin "go env GOPATH" zai nuna maka inda foldar "go" take. Sai ka ƙara foldar "bin" da ke cikinta a jerin PATH, ka rufe tamina ka sake buɗewa. Sau ɗaya ake yi.

Cirewa ma babu wani biki. Goge fayil ɗin kawai ake yi.

Daga kwamfuta ɗaya zuwa na'urori da yawa

Lambobin da firosesar Intel ko AMD ke ganewa daban suke da na firosesar ARM da ke cikin wayoyi da sababbin kwamfutocin Apple. Haka kuma fayil ɗin Windows ba ya aiki a Linux. A harsuna da dama, harhaɗa wa na'urar da ba ita ke gabanka ba aiki ne mai cin rai.

A Go, musamman tun siga ta 1.5 a 2015, saiti biyu ne ke yin aikin: GOOS, wanda ke faɗin tsarin da na'urar ke amfani da shi, da GOARCH, wanda ke faɗin irin firosesarta. Mai zaune a gaban Linux zai rubuta "GOOS=windows GOARCH=amd64 go build" ya samu fayil ɗin Windows nan take. Sai dai idan manhajar ta haɗa da gutsuren harshen C, to lamarin ya ƙara wuya, domin sai an nemo kwamfailar C ta waccan na'urar.

Manhajar wani, da layi ɗaya

Ƙarfin umarnin ya fi fitowa idan manhajar ba taka ba ce. Ga misali na gaske:

go install golang.org/x/vuln/cmd/govulncheck@latest

Wannan layin zai girka maka govulncheck, kayan aikin da masu kula da Go suka fitar don gano sanannun ɓarakokin tsaro a cikin ƙunsoshin da manhaja ta dogara da su. Abin da ke gaban alamar @ shi ne adireshin rubutun. Abin da ke bayanta shi ne sigar da kake so, inda "latest" ke nufin ta baya-bayan nan. Kana iya rubuta lambar siga takamaimai a madadinta.

Wannan salon ya shigo ne da Go 1.16 a Fabrairun 2021. Kafin nan da "go get" ake girka manhajoji, kuma har yanzu tsofaffin darussa da bidiyoyi suna koyar da hakan. Tun Go 1.18 a 2022 "go get" ya daina harhaɗa komai, aikinsa ya koma gyara jerin da ke cikin go.mod. Idan ka bi tsohon darasi ka ga babu abin da ya fito, ba kai ne ka yi kuskure ba, darasin ne ya tsufa.

A cikin 'yan daƙiƙun da layin ke aiki, abubuwa da dama ne ke faruwa a ɓoye. Tun siga ta 1.13 a 2019, Go ba ya zuwa kai tsaye wurin mai rubutun, ko da a GitHub yake. Yana fara tambayar wani rumbu da Google ke kula da shi, proxy.golang.org. Idan wani ya taɓa neman wannan sigar, rumbun yana da kwafinta a ajiye. Idan ba a taɓa ba, sai ya je ya ɗauko, ya ba ka, ya kuma riƙe kwafi.

Dalilin kafa rumbun yana da tarihi. A Maris 2016 wani mai rubuta manhaja, Azer Koçulu, ya janye ƙunsoshinsa sama da 250 daga rumbun npm na JavaScript bayan saɓani kan sunan ɗaya daga cikinsu. A cikin waɗanda ya janye akwai left-pad, mai layi 11 kacal, wanda dubban ayyuka suka jingina da shi ba tare da masu su sun ma sani ba. Harhaɗa manhajoji ya tsaya a wurare da yawa a duniya har sai da aka maido da shi. Rumbun Go an gina shi ne yadda ko mai rubutu ya goge aikinsa, waɗanda suka dogara da shi ba za su wayi gari a tsaye ba.

Bayan saukewa, sai tantancewa. Go yakan lissafa wata doguwar lamba daga abin da ya sauke, wadda take kamar zanen yatsan rubutun: sauya harafi ɗaya zai sauya ta gaba ɗaya. Sai ya gwada ta da wadda ke cikin wani kundi na bainar jama'a, sum.golang.org, wanda aka tsara shi yadda ake ƙara masa bayani amma ba a iya sauya na baya ba tare da an gane ba. Idan lambobin biyu suka saɓa, Go zai ƙi ci gaba.

Akwai kuma wani mataki da masu harshen suka ɗauka wanda a ganina ya fi sauran muhimmanci. Saukewa da harhaɗawa a Go ba sa kunna rubutun da aka sauke. A npm, ƙunshi yana iya zuwa da umarnin da zai yi aiki a kwamfutarka tun lokacin girkawa, kuma masu kutse sun sha bin ta wannan ƙofa. A Go, sai ka kunna manhajar da hannunka sannan rubutun baƙo zai motsa.

Shekara uku a cikin rumbu

Duk wannan tsaro yana amsa tambaya ɗaya ce: shin abin da na samu shi ne abin da kowa ya samu a ƙarƙashin wannan suna da wannan siga? Bai ce komai ba game da ko abin na kirki ne.

A Fabrairun 2025 masu bincike na kamfanin tsaron intanet Socket suka bayyana wani lamari da ya fito da wannan giɓi fili. Akwai sanannen ƙunshi na ajiyar bayanai mai suna BoltDB, wanda adireshinsa shi ne github.com/boltdb/bolt. Wani ya buɗe makamancinsa a github.com/boltdb-go/bolt. Bambancin haruffa uku ne, kuma sunan jabun bai yi kama da abin zargi ba, domin ayyukan Go da yawa sukan liƙa "go" a sunayensu.

A cikin jabun an dasa ƙofar baya, wato rubutun da zai tuntuɓi wata kwamfuta a nesa ya karɓi umarni daga gare ta. Rumbun Go ya ɗauki kwafin wannan sigar a ƙarshen 2021, kamar yadda yake yi wa kowane ƙunshi da aka nema. Daga nan mai dasawar ya koma GitHub ya sauya abin da lambar sigar ke nunawa zuwa rubutu mai tsabta.

Ka duba yadda dabarar ta juya tsarin a kan kansa. Mai taka-tsantsan da ya je GitHub ya karanta rubutun ba zai ga komai ba. Amma idan ya ba da umarnin saukewa, rumbun zai miƙo masa tsohon kwafin mai guba, domin alƙawarin rumbun kenan, abin da ya ajiye ba ya sauyawa. Kundin zanen yatsa ma zai tabbatar masa cewa daidai ne, domin lallai shi ne abin da aka fara gani a ƙarƙashin sunan. Haka ƙunshin ya zauna sama da shekara uku kafin a gano shi a cire.

Ba na ganin wannan a matsayin hujjar cewa rumbun kuskure ne. Rumbun da mai rubutu zai iya sauya abin cikinsa a ɓoye ya fi wannan haɗari nesa ba kusa ba. Abin da lamarin ya nuna shi ne inda nauyi ya koma. Na'ura ta ɗauke wa mutum saukewa da tantancewa da harhaɗawa, ta bar masa abu guda da ba za ta iya yi masa ba, wato tabbatar da cewa adireshin da ya rubuta na mutanen da yake nufi ne.

Kuma manhajar da ka girka da "go install" ba kamar ta waya ba ce da ke neman izini kafin ta taɓa hotunanka ko lambobin mutanenka. Da zarar ka kunna ta, tana iya kaiwa ga duk abin da kai kake iya kaiwa a kwamfutar: fayilolinka, makullan shiga rumbunan wurin aikinka, da kalmomin sirrin da ka ajiye a fili.

Shi ya sa ƙwararru ba sa kwafo layin girkawa daga kowane shafi ko bidiyo ko amsar manhajar ƙirƙirarriyar basira. Daga shafin aikin na asali suke ɗaukowa, su karanta adireshin harafi bayan harafi. A wurin aiki kuma sukan rubuta lambar siga maimakon "latest", don abin da aka girka yau ya zama shi za a girka gobe.

Ga mai waya kawai, da mai lissafin data

Wanda ba shi da kwamfuta ba a rufe masa ƙofa ba. A wayoyin Android akwai manhajar Termux da ke ba da tamina irin ta Linux, kuma a cikinta "pkg install golang" zai kawo Go. Ƙananan manhajoji suna harhaɗuwa a waya ba matsala. Manya kuwa za su ɗumama wayar su sha batir, kuma mai ƙaramar ƙwaƙwalwa tana iya gazawa a tsakiya.

Ta fuskar data, karon farko ne mai tsada. Go yana ajiye duk ƙunshin da ya sauke, haka kuma tun siga ta 1.10 yana ajiye sakamakon harhaɗawa, don haka ba ya maimaita abin da bai sauya ba. Idan ƙunsoshin da aikinka ke buƙata sun riga sun sauka, kana iya ci gaba da harhaɗawa ko babu intanet. Kafin ka yi amfani da "go clean -modcache" don samun fili, ka tuna cewa duk abin da ya share sai ka sake sayen data ka sauke shi.

Wani abin lura shi ne, tun Go 1.21 a 2023, idan manhajar da kake girkawa ta buƙaci sigar Go da ta fi taka sabunta, umarnin zai je ya sauko da sabuwar da kansa, kuma wannan megabait ne masu yawa. Go yana fitar da babbar siga sau biyu a shekara, a Fabrairu da Agusta, don haka abin yakan faru fiye da yadda ake zato. Saita GOTOOLCHAIN zuwa "local" yana hana shi, sai dai a lokacin zai gaya maka cewa sigarka ta yi tsufa ya tsaya.

Cire jabun BoltDB daga rumbu bai cire shi daga manhajojin da aka riga aka harhaɗa da shi ba, tunda Go yana cusa komai a cikin fayil ɗin. Amma Go yana rubuta jerin ƙunsoshin da ya yi amfani da su a jikin kowane fayil da ya harhaɗa. Umarnin "go version -m" tare da sunan fayil ɗin zai fito da jerin, kowane ƙunshi da cikakken adireshinsa da lambar sigarsa, ko da an shekara da girka manhajar.